Kik Ɗin da Ya Dace da Shekara

Mazan ƙungiyar tsofaffin motoci ta gundumarmu ba sa tuƙa motocinsu. A kan tirela suke ɗora su, su lulluɓe su kamar masu zazzaɓi, su ja su har filin baje koli, sannan su turo su ƙasa da hannu don kada hayaƙi ya ɓata bakin salansa. Daga nan sai a baje kujeru, a buɗe lemo, a shiga gardama kan ko wayar hon ta shekara kaza baƙa ce ko ruwan ƙasa. Na daɗe ina kai musu gahawa da gurasa mai zaƙi a irin wannan zama, ban taɓa jin ɗayansu ya ce ya je wani wuri da motarsa ya dawo ba. Manyan mutane ne fa da furfurarsu, wasu har da jikoki.

Mijina, Vernon Kucera, ɗan ƙungiyar ne, don dai a nan Nebraska in mutum ya ajiye noma ba shi da wurin zuwa ranar Asabar. Amma shi a-kori-kurarsa, Chevrolet ƙirar shekarar hamsin da huɗu, ba ta san lulluɓi ba. Ta ɗauki masara, ta ɗauki maruƙa, ta kwashe kayan rabin 'yan cocinmu in za su sauya gida. Duk da haka in ya wanke ta ya kai gasa ta biyu take zuwa, kuma kowace shekara laifinta ɗaya. Motocin Chevrolet har zuwa hamsin da huɗu ƙaramin batir mai ƙarfi shida suke ɗauka. Daga hamsin da biyar aka koma mai ƙarfi sha biyu, kik ɗin da ke tayar da inji shi ma ya sauya. Tamu sha biyu ce, da batir ɗin da kik ɗin.

Shugaban ƙungiyar, Merle Hostetler, tsohon dillalin inshora ne da ya baro Omaha ya tare a garinmu bayan ya yi ritaya, kuma shi ke alƙalancin gasa. Sai ya leƙa cikin bonet, ya ɗago yana girgiza kai kamar wanda ya zo gaisuwar rasuwa.

"Vernon, mutumina, me kik ɗin nan ya ba ka ne? Mota mai asali irin wannan ka liƙa mata na wata shekara?"

"Tana tashi ko ba ta tashi?"

"Wa ke maganar tashi? Maganar asali ake yi."

Sai Vernon ya rufe bonet ɗinsa. Shi kuwa Merle ya riga ya yanke hukunci cewa ragwanci ne kawai, wai tsohon ba ya son wahalar ƙaramin batir da sanyin safiya shi ya sa ya sauya. Haka ya gaya wa kowa, haka kowa ya ɗauka, domin a ƙungiyar nan duk wanda ya fi ɗaga murya shi ne masani.

Abin da ba su sani ba shi ne, injin da ke cikin motar gaba ɗayansa na ɗanmu Denny ne. Su duk baƙi ne a garin, ba su san Denny ba. Yana ɗan shekara sha shida ya jawo wata matacciyar a-kori-kura ta hamsin da bakwai daga bayan rumbun maƙwabcinmu, ya ƙare lokacin sanyi guda a ƙarƙashinta. Kik ɗinta yana da wani hali nasa: in ka taka fedarsa sai ya ja sau biyu da nauyi, kamar dattijo na gyaran murya, a na uku inji ya kama. Ranar da ta fara tashi ya faɗo mini kicin da gudu, hannu duk baƙin mai, yana cewa, "Mama, kin ji? Kin ji ta?" Bayan shekara biyu santsin ƙanƙara ya kwashe shi da motar a kan gadar rafi, nan ya rasu. Vernon ya jawo tarkacen motar gida, ya rufe kansa a gareji, ya cire injin da duk abin da ke maƙale da shi ya dasa a tasa. Bai gaya wa kowa ba. Ni ma ba gaya mini ya yi ba, ina wanke-wanke na ji gyaran muryar nan sau biyu daga gareji, sai da na nemi kujera na zauna.

Tun daga shekarar, duk Litinin ɗin ƙarshen watan Mayu, ranar da kowa ke kai fure maƙabarta, a motar muke zuwa. Sai Vernon ya tsaya a hanyar da ke daf da kabarin ya kashe inji. Mu zauna jim. Sannan ya taka kik, ya ja sau biyu, inji ya kama, shi kuma ya dubi dutsen kabarin ya ce, "Ka ji?" Iyakar ziyararsa ke nan. Ni ce mai fure da addu'a, shi wannan ce addu'arsa.

A shekarar da nake ba da labarinta, cikin watan Fabrairu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ta ja ni gefe ta ce zuciyarsa ma ta gaji, kada in yi lissafin lokacin sanyi mai zuwa da shi. Daga kujerarsa ta bakin taga yakan ɗaga hannun hagu ya nuna gareji, ya dube ni.

"Na sani, Baban Denny," na ce masa. "Za mu je. Ni zan tuƙa, ni zan taka, kai dai ka zauna ka yi mini masifa da ido."

Ana cikin haka Merle ya zo dubiya tare da na hannun damarsa, Orval Svoboda, wani mai ƙaton tumbi da aikinsa a duniya shi ne ya ce "haka ne" in Merle ya yi magana. Suka cinye mini gurasa rabin faranti, sannan Merle ya gyara zama.

"Arlene, 'yar'uwa, motar nan tun kafin ya kwanta take tsaye. Ki bar mu mu ɗauke ta mu wanke, mu sauya mai, mu kawo miki ita tsaf kafin ranar."

Vernon ya shiga buga sandarsa a ƙasa, yana wani gurnani a maƙogwaro.

"Kin gani?" in ji Merle. "Daɗi ya ji. Kwantar da hankalinka, tsoho, tana hannun masana."

"Haka ne," in ji Orval.

Na san ba daɗi ya ji ba, amma Vernon ko da lafiyarsa haka yake yi in Merle ya buɗe baki. Motar kuwa tana bukatar mai, ni kuma ba ni iya shiga ƙarƙashinta. Na ce musu wanki da mai kawai, kada a taɓa komai bayan wannan. Merle ya dafa ƙirji ya ce ai ko ban faɗa ba.

Makonni suka wuce ba mota. In na buga waya sai ya ce saura ɗan gyara. Sai da safiyar ranar, na riga na yanko furanni na sa wa Vernon farar rigarsa, na ji hon a waje. Ga motarmu a kan tirela, an lulluɓe ta, ga 'yan ƙungiya a baya cikin riguna iri ɗaya, wani har da kyamara. Suka turo ta ƙasa da hannu, irin yadda suka saba. Aka gunguro kujerar Vernon zuwa gabanta, Merle ya yaye mayafin, ya ɗaga bonet yana washe baki.

An fente injin da fenti mai ruwan toka yana ƙyalli. Merle ya yi gyaran murya kamar fasto zai hau mumbari.

"Vernon, shekara da shekaru maki kaɗan ke hana ka zuwa na ɗaya. Mun ce ba za mu bari abin ya ƙare a haka ba. Mun mayar da ita hamsin da huɗu sak. Batir mai ƙarfi shida, ƙwayayen fitila, duk abin da ya shafi wuta. Ga kuma babbar kyauta." Ya nuna can ƙasan inji. "Kik na shekararta, sabo fil a kwalinsa, ba a taɓa ɗaura shi a mota ba. Har Pennsylvania na aika aka nemo. Irinsa a duniya ba su kai yatsun hannu ba."

Aka yi tafi. Ni dai fuskar mijina nake kallo. Ɓarin da ke motsi ya yi fari fat, sandar ma ta faɗi bai kula ba.

"Ina tsohon?" na ce.

"Wane tsohon?"

"Kik ɗin da kuka cire, Merle. Yana ina?"

"Au, wannan tarkacen? Orval, ina ka jefa shi?"

"Cikin kayan gwangwan. Mai gwangwan kuwa ya kwashe tun makon jiya."

Ban yi kuka a gabansu ba, ba su kai ba. Na ce, "To kun tayar da ita kun ji?"

Merle ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mace in ta sa baki a maganar maza. "Haba Arlene, a tayar da inji da ɗanyen fenti? Ai ƙonewa zai yi. Kuma mun bar wa mai ita ya fara jin ta."

Maza huɗu suka ɗaga Vernon suka zaunar da shi a gefen direba. Na hau, na ɗora furanni a tsakaninmu, na murɗa makulli. A irin motar nan makulli wuta kawai yake bayarwa, fedar kik tana ƙasa kusa da totur, da ƙafa ake taka ta. Na taka. Wata ƙara ce ta fito kamar an zuba cokula cikin injin niƙa, har karen maƙwabta ya ruga. Na ɗaga ƙafa da sauri.

"Ba haka ake taka shi ba," in ji Merle. "Sauko ki gani."

Na sauko na ba shi wuri. Ya taka da ƙafarsa ta masani, ƙarar ta fi ta ɗazu muni. Nan fa aka shiga abin da suka fi iyawa. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce waya ce ba ta kama jiki ba, wani ya ce a shekarar ana sa wani ɗan ƙarfe a tsakani, wani ya rantse ba a sawa. Rana tana ɗagawa, furanni suna laushi, su kuwa ko a jikinsu. Daga ƙarshe Orval ya kwanta da ƙyar ya tura tumbinsa ƙarƙashin mota da tocila, ya kwance wani murfi. Ya fito ya leƙa gefen inji, ya kankare sabon fentin da farce a inda aka buga lamba.

"Merle," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "injin nan ba na hamsin da huɗu ba ne. Na hamsin da bakwai ne."

"Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa? Injin da nake dubawa kowace shekara?"

"To zo ka duba na bana. Filawil ɗin ma nasa ne."

Filawil shi ne faifan ƙarfe mai haƙora a bayan inji, wanda kik ke cafka ya juya. A nan tsaye na ji karatun da ya kamata su yi kafin su taɓa mini mota. Ashe na zamanin ƙaramin batir haƙoransa ɗari da talatin da tara ne, manya-manya. Na zamanin sha biyu kuwa ɗari da sittin da takwas ne, ƙanana. Kik ɗin wannan ba ya shiga haƙoran wancan, sai dai su ci juna. Duk sun san wannan a ka, har gasar faɗa suke yi, kowa na son ya riga wani kawo lambar. Amma ba wanda ya sunkuya ya duba, tunda Merle ya riga ya ce ragwanci ne.

Merle ya tsaya ya riƙe ƙugu. Na ɗauka kunya ce ta kama shi. Sai ya juya wajen Vernon, mutumin da ba ya iya ce masa komai.

"Wato duk kofunan na biyun nan da muka ba ka, a rukunin motoci masu asali? Vernon, wannan ai rufa-rufa ce."

"Injin ɗanmu ne," na ce. "Wanda za mu je wa yanzu. Shi ya tayar da shi da hannunsa, da kik ɗin da kuka ba mai gwangwan."

Orval ya cire hularsa, wannan kam ya kyauta. Merle ya sosa ƙeya ya ce, "Ayya, Allah ya jiƙansa. Amma da ya faɗa ai da mun sa shi a rukunin waɗanda aka yi wa kwaskwarima, ba wanda zai cire masa maki."

Ban san abin da ya hana ni kwaɗa masa tocilar Orval ba. Na hau mota na ce, "Ku tura."

"Mu tura?"

"Ba shi ne aikinku ba? Kullum turawa kuke yi. Yau dai ku tura wadda za ta je wani wuri."

Hanyar gidanmu gangara ce har titi. Na sa giya ta biyu na danne kuloci, suka sa kafaɗa suna nishi cikin rigunansu iri ɗaya. Da ta ɗauki gudu na saki. Ta yi tari, ta fizga, injin Denny ya kama da muryarsa ta kullum. Ta madubi na hango su tsaye a tsakiyar hanya sun dafa gwiwa, sabon fentinsu kuwa tuni ya fara ƙauri.

A hanya na ce, "Baban Denny, ka ji ni da kyau. In mun isa ba za mu kashe ta ba. In ta mutu ba mai tayar da ita. Ka bari Denny ya ji ta tana aiki, bana haka ta samu." Bai dube ni ba, titi kawai yake kallo.

Maƙabarta cike take da jama'a, ƙananan tutoci da furanni ko'ina. Na bi hanyar da muka saba na tsaya daf da kabarin, inji na aiki. Ina ƙoƙarin ɗaukar furanni na ga hannunsa na hagu ya miƙa a hankali, ya kama makulli ya murɗa. Inji ya mutu.

Muka zauna jim kamar kullum, ba abin da ake ji sai tsuntsaye da ƙarfe yana hucewa. Sannan ya sake murɗa makullin, ya dubi feda, ya dube ni. Ya san ba za ta tashi ba, ya fi duk 'yan ƙungiyar sani. Amma tun rasuwar yaron bai taɓa zuwa nan ya koma ba a taka fedar nan ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na taka.

Ƙarar ta cika maƙabarta. Masu addu'a suka ɗago, wata mata ta toshe kunnen jikarta. Sai ga Merle, ashe sun biyo mu a motar da ke jan tirela, ya taho da gudu yana tsallake kaburburan mutane.

"Arlene! Ɗaga ƙafarki! Za ki cinye masa haƙora! Babu irinsa, na gaya miki babu irinsa!"

Ƙafata ta fara sassautawa, ba don shi ba, don dai ƙarar ba ta jiyuwa. Sai na ji hannun Vernon a kan gwiwata. Ya danna. Mutumin da ko cokali da ƙyar yake riƙewa, ban san inda ya samo ƙarfin ba. Ya san haƙoran ɓangare biyu ne ke ci, har da na filawil ɗin Denny, kuma ya san bayan yau ba wanda zai ƙara tayar da injin nan yadda yake. Bai sassauta ba, ni ma na mayar da ƙafata har ƙasa.

Merle yana dukan gilashi yana kiran Pennsylvania. Warin ƙonewa ya shigo mana. Ƙarar ta yi tsini, wani abu ya ɓalle a ƙasa ya faɗi kan tsakuwa, sai kik ɗin ya koma juyawa fayau ba ya cafkar komai. Ƙaramin batirinsu mai asali ya ja shi kaɗan, ya gaji, ya yi shiru.

Merle ya durƙusa a gefen mota yana tsintar ɓaraguzan ƙarfe a tafin hannunsa, a maƙabarta, ranar kai fure. Vernon bai ko kalle shi ba. Ya juya ga dutsen kabarin, karkataccen leɓensa yana motsi, yana ta kokawa da kalma biyu da ya saba faɗa. Ba su fito ba. Na jira shi har na ga hawaye ya gangaro ta ɓarin da ba ya ji, sannan na sauke gilashi na faɗa a madadinsa.

"Ka ji, Denny?"

Hannunsa yana nan a kan gwiwata bai ɗauke ba.